Shawara Ga Mai Niyyar Sayen Kyamararsa Ta Farko

Shugaban taro, iyayenmu malamai da suka ba mu ilmi da tarbiyya, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. 'Yan uwa tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake saduwa.

An umurce ni in yi ɗan bayani a kan yadda mai koyon ɗaukar hoto zai zaɓi kyamararsa ta farko, irin babbar nan da ake kira DSLR. Wasunmu sun ajiye aiki suna neman abin da zai ɗebe musu kewa, wasu kuma 'ya'yansu ne suka matsa a saya musu don su kama sana'a. Kuɗin ba kaɗan ba ne, musamman a wannan zamani da komai ya yi tsada, saboda haka ya kamata mutum ya san abin da zai saya tun kafin ya sa hannu a aljihu.

Da farko, mece ce DSLR? Ku tuna kyamarorin da masu hoto ke zuwa da su makaranta ranar rabon kyaututtuka, waɗanda ake sa wa fim, a kai wanki, mu yi mako muna jira. To, DSLR jikarsu ce. A cikinta akwai madubi da ke karɓo hoto daga gilashin gaba ya kai shi ga idon mai leƙe. Idan aka danna, sai madubin ya ɗaga, wani ɗan ƙyaure ya buɗe ya rufe, haske ya faɗa kan wani ɗan faranti mai aikin da fim ke yi a da. Wani injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, shi ne ya haɗa kyamarar farko marar fim a 1975. Amma sai a 2003, da kamfanin Canon ya fitar da EOS 300D a ƙasa da dalar Amurka dubu ɗaya, sannan irin wannan kyamara ta fara shiga hannun masu ƙaramin ƙarfi.

Wani zai ce, ai wayata ma tana ɗaukar hoto. Gaskiya ne. Bambancin shi ne, farantin DSLR ya ninka na waya girma sau da yawa, don haka ya fi tara haske, hoto ya fi fita a cikin zaure ko bayan magariba. Na biyu, ana cire gilashinta a sa wani, gwargwadon aikin da ke gabanka.

Akwai kuma abin da ya kamata ku sani. Tun daga 2018 Canon da Nikon suka karkata ga wata sabuwar kyamara marar madubi, har Nikon ya daina ƙera ƙananan DSLR ɗinsa. Wannan bai kashe su ba, da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ya jawo shi ne, masu sana'a a ƙasashen waje suna ta sayar da nasu, kaya na hannu suka yi yawa, farashinsu ya fi na sababbin sauƙi. Mai koyo shi ne ya ci ribar wannan canji.

To wace za a saya? A wajen Nikon akwai D3300, da D3500 wadda ta fito a 2018, da D5600. A wajen Canon akwai 700D da 2000D da 250D. Kowace daga cikinsu ta ishi mai koyo shekaru. Kada mai shago ya ruɗe ku da zancen megafiksel: 18 ko 24 sun isa a wanke hoto babba na ratayawa a bango. Kada kuma ku shiga gardamar Canon ko Nikon, wadda ba ta ƙarewa. Ka duba wacce abokanka da masu hoton unguwarku suke riƙewa, ka bi sahunsu, domin ranar da batirinka ya mutu a tsakiyar biki, ko kana bukatar aron gilashi, wurinsu za ka nufa. Mai gyara ma abin da ya saba gani ya fi iyawa.

Abubuwa biyu ƙanana suna jawo asara. Nikon ɗin da na ambata ba su da injin saita gilashi a jikinsu, saboda haka sai gilashi mai alamar AF-S, ko AF-P ga wadda ta karɓe shi, in ba haka ba da hannu za ka riƙa saitawa. Wasu ƙananan Canon kuwa, kamar 4000D da 250D, ba su da ɗan ƙarfen tsakiya a wurin ɗora fitila, don haka ba kowace fitilar kasuwa ke aiki da su ba. A gwada kafin a biya.

Yanzu sai gilashi, wanda a ganina ya fi jikin kyamarar muhimmanci. Yawanci tana zuwa da mai lamba 18-55, kuma da shi ya kamata a fara. Idan hannu ya faɗa, sai a ƙara mai lamba 50 da buɗewa 1.8. Ba shi da tsada, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan idan an zuƙo shi ƙarshe, yana fitar da fuskar mutum tas, bayansa ya dushe. Shi ne na hoton amarya da na dattijo a zaure. Mai son Hawan Sallah kuwa sai ya nemi mai zuƙo nesa, kamar 55-250 ko 70-300, domin ba a kusantar doki a wurin jafi. A sa ƙyauren ya buɗe ya rufe cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, sai ka ga an tsayar da doki da ƙurarsa cak.

Game da sayen ta hannu, ba a cinikin biri a sama. Kada ka tura kuɗi don ka ga hotonta a waya. Ka riƙe ta, ka ɗauki hotuna da katinka, ka duba su a kwamfuta. Ka nemi sanin sau nawa ƙyaurenta ya buɗe, domin kamar mitar mota ne: ƙananan nan akan gwada su a kan wajen 100,000, wadda ta yi 15,000 yarinya ce, wadda ta haura 80,000 ta sha bukukuwa. Ka cire gilashin ka haska shi da tocila, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo a ciki, fumfuna ce, bar musu kayansu. Ka ɗauki farin bango, in ɗigo ya fito a wuri ɗaya a kowane hoto, akwai datti a farantin. Ka tafi da wanda ya san kan abin, ko da za ka ba shi na goro. Kuma kada ka ƙarar da kuɗinka a jikin kyamara, ka rage na batir na biyu, da katin ajiya na asali, da jaka. Batir biyu dole ne saboda halin wutarmu, ko da yake nan DSLR ta yi fice, D3500 takan ɗauki hoto kamar 1,500 kafin ta nemi caji.

Babban abokin gabar kyamara a Kano shi ne ƙura. Lokacin hunturu kada a canza gilashi a fili, a shiga ɗaki, a kifa bakin kyamarar ƙasa. Kada a goge gilashi da bakin riga ko a hura shi da baki, akwai ɗan famfon roba mai hura iska da ƙyallensa na musamman. Da damina a ajiye ta inda babu laima. Kada kuma a bar ta cikin mota a ranar bazara.

Ina za a koya? Mu da ke Goron Dutse ba mu da nisa da makaranta. Ka hau dutsen bayan la'asar, lokacin da rana ta koma bayanka, ka fuskanci gabas wajen Dala, za ka ga birni ya yi ja kamar an shafa masa jan ƙasa. Gobe ka koma da tsakar rana ka ɗauki wuri ɗaya, ka gwama, a nan za ka gane cewa haske shi ne malamin mai hoto. Daga nan ka gangara Ƙofar Kabuga da Ƙofar Kansakali, wata rana ka leƙa marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi. Sai dai a yi hattara, akwai gidan yari a unguwar nan, ba a nuna kyamara wajensa ko wajen jami'an tsaro. Ba a kuma ɗaukar mutum sai da izininsa, balle matan aure da 'ya'yan mutane. Sallama da gaisuwa su ne lasisin mai hoto.

Kada wanda kuɗinsa bai kai ba ya karaya. J. D. Okhai Ojeikere, wanda hotunansa na kitson matan Nijeriya suka zagaya duniya, da 'yar ƙaramar kyamarar Brownie ya fara a 1950. Malick Sidibé na Bamako hotunan samarin gari da bukukuwa ya yi ta ɗauka, har aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Banis na Italiya a 2007. Ido da naci suka kai su.

'Yan uwa, ga dalilin da ya sa na ɗauki wannan magana da nauyi. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara ginawa tun ƙarni na 12, kullum raguwa take yi, ruwa na ci, gine-gine na ci. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, yau mai son ganin yadda take a da sai a hoto. Duk wanda ya shiga Gidan Makama ya san da tsofaffin hotuna ake nuna wa yara Kano ta jiya. A 2024 hukumar UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, to bai kamata baƙi kaɗai su riƙa ɗaukar mana shi ba. Ga kuma iyayenmu malamai zaune a gabanmu. Da yawa daga cikin waɗanda suka koyar da mu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, kuma wasu ko hoto ɗaya nasu ba mu da shi.

Saboda haka roƙona shi ne, duk wanda Allah ya hore wa kyamara ya fara da na gida. Ya ɗauki mahaifansa da malamansa da lungun da ya tashi a ciki. Ya wanke masu kyau a takarda, ya rubuta suna da wuri da shekara a bayansu, ya ajiye sauran a wuri biyu, domin waya takan ɓata, kati yakan lalace. Ya kuma ba ƙungiya kofi don a adana.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya albarkaci zuri'armu, ya maimaita mana.