Targaɗe Ba Ya Son Dogon Ɗauri: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Bara wani ɗan ajinmu, mai tsaron gidanmu a da, ya yi targaɗe wajen ƙwallo a Barnawa. Aka ɗaure ƙafar wata guda cur. Kumburi ya sace, amma har yau tsugunno na gagararsa, saukowa daga bene kuwa sai da dabara. Dogon ɗauri ne ya sa idon sawun ya ƙage.

In mutum ya kasa taku huɗu, a fara ɗaukar hoto, ko karaya ce. In ba ita ba ce, da zafi ya lafa a soma motsi: a riƙa zana haruffa a iska da babban yatsa, sannan a maƙala tawul a tafin ƙafa a jawo, daƙiƙa 30, sau uku. Daga baya a gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya.

In gwiwa ta ƙi taɓa bango alhali diddige na ƙasa, sai likitan gashin ƙashi, wanda zai tura ƙashin gaɓar baya sannu-sannu har ya saki. Wannan kam ba aikin maƙwabci mai ƙarfin hannu ba ne.