Masu Talla Sun Bi Yara Har Kan Tabarma

Talla sana'armu ce, ba mu ƙi ta ba. Amma mu a kasuwa mai kuɗi a aljihu muke kira, ba ɗan shekara shida ba. A wayar hannu kuwa yaron ake farauta. A 2019 Amurka ta ci Google tarar dala miliyan 170, domin YouTube yana bin diddigin abin da yara ke kallo ba da yardar iyayensu ba, yana jefa musu tallan da zai tsokano kwaɗayinsu. Dokar 1998 ce ta kama shi. To, YouTube ɗin nan 'ya'yanmu ke kallo a rumfunanmu, mu ake kuka wa mu saya. Hukumar kula da talla ta Nijeriya, ARCON, muna kiranta ta leƙa wayar nan.