Kafin Ka Miƙa Mabuɗin Shago

 

Tun da rashin tsaro ya koro jama'a daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, ɗaki ya yi daraja a Funtuwa da Malumfashi. Da yawa daga cikinmu, ganin albashi ba ya kai ƙarshen wata, mun share shagon ƙofar gida mun sa ɗan haya.

Abin da ke kayar da sabon mai ba da haya shi ne kunya. Manomin da ya baro gonarsa zai ce a yi masa haƙuri sai kaka, alhali bana ko shuka bai samu yi ba. Kai da kuke haɗa sahu kullum a masallaci, da wane baki za ka tambaye shi? Ga rijiya ɗaya, makewayi ɗaya, ga iyali a ciki.

Don haka a fara kai baƙo gaban mai unguwa ya san shi. A rubuta kuɗi da wa'adi da rabon kuɗin wuta, shaidu biyu su sa hannu. In kuwa taimako ka yi niyya, ka faɗa masa tun farko, ka cire kuɗin daga lissafin cefane.