Zaton Nasara ga Ma'abuta Zikiri: Darasi ga Ikhwani

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa a cikin Allah, wannan taro da ake yi a sarari, akwai zamanin da hukuma ke kallon irinsa a matsayin ƙulla makirci. A watan Fabrairu na 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka yi bore da sunan Mahadiyya, suka kashe Turawa uku. A watan Maris aka shafe garin baki ɗaya. A shekarar nan aka tuɓe Sarkin Katsina Yero, aka naɗa Muhammadu Dikko. Tun daga lokacin Nasara ba su sake sakin jiki da malami matafiyi ko wasiƙar da ta fito daga Gabas ba.

Zaton bai tsaya kan masu da'awar Mahadi ba, ya shafi ma'abuta ɗariƙa. Shehu Alfa Hashim, wanda ya yi hijira zuwa Madina bayan yaƙin Burmi na 1903, an riƙa sa ido kan alaƙarsa da Tijjanawan wannan ƙasa. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, Batijjane mawallafi, an tuɓe shi aka kai shi Lakwaja, can ya rasu a 1924. A 1923 aka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu aka kai shi Kamaru. Daga bisani jami'ai biyu, Tomlinson da Lethem, suka rubuta rahoto kan abin da suka kira farfagandar siyasar Musulunci a Nijeriya.

Sai dai ikon Allah ya fi gaban dabarar bawa. Layin dogon da aka shimfiɗa daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau domin kwasar auduga da gyaɗa, shi ne ya sauƙaƙa zirga-zirgar malamai da almajirai da littattafai. Manoman ƙasar Funtuwa da Malumfashi suna kai auduga kasuwa da rana, da yamma su zauna wazifa. Mulkin Nasara ya ƙare a 1960, zikiri kuwa bai yanke ba.

Magabata ba su kare kansu da takobi ba, sun kare kansu da haƙuri da gaskiya da riƙo da wuridi. Abin tsoro a yau shi ne Musulmi ya gaji wancan mummunan zato, ya ɗora shi kan ɗan'uwansa don sun saɓa a shehi ko a zawiya. Wanda aka zalunci iyayensa da zato bai dace ya zalunci wani da shi ba.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya haɗa kan Musulmi, Ya maimaita mana. Amin.