Kunne Ɗaya Ma Kunne Ne: Jawabin 'Yan Ajin Yaƙi da Jahilci a Ranar Bikin Ƙungiya

Hajiya shugabarmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa abokan adashe da mazajenmu da suka ba mu izinin zuwa, barkanmu da ganin wannan rana. Mu 'yan ajin yaƙi da jahilci aka ba mu minti kaɗan, kuma ba lissafin riba muka zo da shi ba. Maganar kunne muka zo da ita.

Abin ya samo asali ne a aji. Malama ta lura mu uku kullum gefe guda muke zama, muna karkata kai idan tana karatu. Da ta tambaya, ashe kowaccenmu kunne ɗaya take ji da shi, kuma kunya ta hana ta faɗa. Ɗaya daga cikinmu mai sayar da hatsi ce a kasuwar Malumfashi. Mai saye zai yi mata sallama ta hagu, ta yi shiru, ya wuce yana cewa girman kai gare ta. A gida ma surukarta ta daɗe tana cewa raini ne. Ga haɗari a titin Funtua: mai kunne ɗaya tana jin ƙarar babur, amma ba ta san ta ina yake zuwa ba, domin sai da kunne biyu ake gane inda sauti ya fito.

Muka haɗa kuɗin mota muka je aka auna mu. Ana sa miki abu a kunne, a sako sauti, ki ɗaga hannu idan kin ji. Babu allura, babu zafi. A nan muka gane rashin jin ba iri ɗaya ba ne, maganin ma kowa da nata.

Ta farko, dauɗar kunne ce ta toshe, ta yi ta tura ta ciki da tsinken ashana. Aka wanke, ta dawo gida tana ji ranar.

Ta biyu, tun tana yarinya kunnen ke zubar da mugunya har dodon kunnen ya huje. Likita ya ce cikin kunnen da rai. Irin wannan ana fara busar da ciwon da magani, sannan a yi aiki a liƙe hujin, ko a ba ta na'urar ƙara ji.

Ta uku, mai hatsin nan, sanƙarau ne ya kama ta a annobar 1996. Can ciki, inda yake kamar katantanwa, nan ne ya mutu. Irin wannan ko an ƙara sauti ba ya shiga, don haka na'urar ƙara ji ta gama-gari asarar kuɗi ce a wajenta. Abin da ya dace da ita iri uku ne. Akwai na'ura mai guda biyu: ɗaya a mataccen kunne tana ɗaukar magana, ta aika wa ɗayar da ke lafiyayyen kunne. Akwai wadda ke bi da sauti ta ƙashin kai zuwa kunnen mai ji. Waɗannan biyun ba sa tayar da mataccen kunne, amma wanda ya yi sallama ta hagu za a amsa masa. Na uku shi ne dashen na'ura a cikin katantanwar, wanda a Amurka aka amince a yi wa masu kunne ɗaya tun 2019. Shi kuma sai jijiyar ji tana da rai, ya fi amfani idan kunnen bai daɗe da mutuwa ba, ga tsadar da ta fi ƙarfin adashenmu. Bayan sanƙarau ma wani lokaci wurin yakan cike da ƙashi. 'Yar'uwarmu dai ta juya rumfarta, yanzu kunnen dama ke fuskantar masu saye, tana tara kuɗin na'urar farko.

Yanzu ga abin da muke roƙo ku riƙe, iyayenmu. Idan mutum ya kwanta lafiya ya tashi kunne ɗaya ya ɗauke, ko da ƙugi a ciki, wannan na gaggawa ne. Akwai maganin da likita ke bayarwa, amma a kwanakin farko yake aiki sosai. Bayan mako biyu dama tana raguwa. Kar a tsaya ɗiga man ja ko ruwan ganye. A fara da babban asibitinmu a nemi takardar turawa. Akwai likitocin kunne a Shika ta Zariya, da asibitin Malam Aminu Kano, da asibitin koyarwa na tarayya a Katsina, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Wadda ta rage da kunne ɗaya kuwa, ta tsare shi kamar jari. Masu injin niƙa da markaɗe, a toshe kunne lokacin aiki. Kar a yarda a yi ta allura a kemis ba da takardar likita ba, domin wasu allurai suna kashe ji. A daina marin yara a kunne. Yaron da ya yi hangum ko sanƙarau, a kai shi awo bayan ya warke, kuma a roƙi malaminsa ya zaunar da shi gaba, kunnen mai ji na kallon malami. Garinmu da ke da makarantar kurame bai kamata mu ne masu ɓoye rashin ji ba.

A ƙarshe, Hajiya, muna roƙon kwamiti ya ware wani abu daga asusun taimako don kuɗin motar duk wadda aka tura awo, ta biya a hankali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya kai mu baɗi da rai da lafiya.