Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Kimiyya, Karshi

 

Ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau, nasiha kam iyayenku sun ishe ku. Ni aiki na kawo muku.

In aka juya kunu da ludayi, babban juyi yakan farfashe ya zama ƙanana, ƙananan su sake farfashewa, har kunun ya kwanta. Osborne Reynolds ya gwada irin wannan hargitsin ruwa a Ingila a 1883, Kolmogorov na Rasha ya tsara lissafinsa a 1941. To amma in mazubin ne da kansa ke juyawa da sauri, sai labari ya sha bamban: ƙananan juyi su riƙa haɗewa suna zama manya.

Duniya irin wannan mazubin ce. Juyawarta na karkatar da iska mai dogon zango zuwa dama a arewacin ikwaita, ƙarfin da ke ɗauke da sunan Coriolis, Bafaranshen da ya bayyana shi a 1835. Guguwar rani mai kwasar leda a kasuwa ba ta cikin wannan lissafi. Ta yi ƙanƙanta, zafin ƙasa ne ya tashe ta.

Damina ce abin kallo. Saboda zafin Sahara da sanyin gaɓar tekun Gini, wata iska mai ƙarfi takan keta samanmu daga gabas zuwa yamma, a tsayin kusan kilomita 3. Tana tafe tana lanƙwasa, duk kwana 3 zuwa 5 lanƙwasa guda ta wuce da hadarinta. Ba banza manomi ke duban gabas ba. Waɗansu sukan fice ta Senegal su faɗa Atilantika, kuma daga cikinsu ne akasarin mahaukatan guguwar da ke dukan Amurka suke tasowa.

Ga inda gizo ke saƙar. Kwamfutocin hasashen yanayi, har waɗanda hukumar yanayi ta NiMet ke dogaro da su, ba sa iya bin kowane ƙaramin juyi, ƙiyasta shi suke yi. Tun 2000 cibiyar lissafi ta Clay ta sa ladar dala miliyan 1 ga wanda ya warware lissafin Navier da Stokes, tushen wannan fanni. Samanmu kuwa na cikin waɗanda aka fi ƙarancin aunawa a duniya, don tashoshin awo sun yi kaɗan. A ganina nan ne gurbinku, ku da kuka iya lissafi, maza da mata.

Allah ya yi muku albarka. Shugaban makaranta, bismillah, a kira sunaye.