Ɗage takunkumin jirage marasa matuƙa a Los Anjeles



A watan Janairun 2025, lokacin da gobarar daji ta cinye unguwar Pacific Palisades a Los Anjeles, hukumar sufurin jiragen saman Amurka, FAA, ta haramta tashin jirage marasa matuƙa a yankin. Duk da haka, ranar 9 ga watan, wani ƙaramin jirgi maras matuƙi ya bugi jirgin kashe gobara da aka aro daga Kanada, ya huda masa fiffike. Jirgin kashe gobarar ya kwashe kwanaki a ƙasa ana gyaransa, wuta kuwa na ci.

Irin wannan takunkumi na wucin gadi ne, kuma ɗage shi bayan wuta ta mutu daidai ne. 'Yan jarida da kamfanonin inshora da masu sake gina gidaje suna buƙatar hotunan sama.

Sai dai dokar yau da kullum tana nan: kada jirgi maras matuƙi ya wuce tsayin mita 120, kada ya ɓace wa mai sarrafa shi. Wajibi ne hukuma ta sanar da ranar ɗagewa a fili, masu jirage kuma su tabbatar kafin su tashi.